A Daina Tilasta wa Alƙaluma Faɗin Abin da Ba Su Faɗa Ba

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da ɗalibanmu na fannin noma masu rubuta furojet a nan Sakkwato. Yaro zai je fadamar Kwalkwalawa ko wajen Goronyo ya gwada taki a kan albasa, ya sha rana wata da watanni, ya auna abin da kowane fangali ya bayar ya zuba a kwamfuta, sai ya ga ɗigogin zanen da ke kwatanta yawan taki da amfani sun warwatse ko'ina babu hawa babu sauka, nan take hankalinsa ya tashi wai aiki ya lalace, abokai kuma su ce ai gyarawa ake yi, a cire lamba biyun da sunka yi nisa a ɗan taɓa sauran layi ya miƙe. Wallahi wanga abu yana ƙona mini rai.

Ya kamata ya fara tambayar kansa mi ya sa. Fangali biyar kacal ya gwada, kuma ƙasar fadama ba ɗaya ba ce, na bakin tiyo ya ƙoshi da ruwa na can ƙarshe sai ragowa, wani gefen laka wani yashi, ga ƙwari sun fi cin wani ɓangare, to ta yaya tasirin taki zai fito fili cikin wannan hayaniya? Irin matsalar da masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya tarar ke nan a tashar binciken gona ta Rothamsted a Ingila inda ya fara aiki a 1919, shi ya sa ya dage a riƙa maimaita gwaji a filaye da yawa, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓi wanda zai samu wane taki. Kuma lissafin ba ya da tausayi, in kana son kuskuren awo ya ragu da rabi sai ka ninka yawan fangalin sau huɗu.

Sannan in alƙaluman alaƙa, wato masu nuna ko amfani na tafiya tare da yawan taki, sun tsaya kusa da sifili, miƙaƙƙen layi ne kawai ba a samu ba. Taki yakan ƙara amfani zuwa wani mizani, in ya yi yawa ya ƙona shuka amfanin ya faɗi, wannan lanƙwasa ce, sai an zana an zuba mata ido.

In duk an bi wannan ba a ga komai ba, a rubuta haka ɗin, ba a ga bambanci ba a wannan gwajin. Domin lambar da aka gyara wata rana malamin gona zai ɗauke ta ya kai ƙauye, talaka ya sai da akuyarsa ya sayi buhun takin da ba zai ƙara masa ko kwando ɗaya ba. Ina roƙon malamai masu duba furojet su daina rage maki don sakamako bai fito yadda aka zata ba, kuma su riƙa neman ganin littafin da yaro ya rubuta awonsa da hannu a gona.

Naku,
Wani malamin gona, Sakkwato