Kakar Formula 2 ta 2024: amsar maganarka a kan Bortoleto

Kano, 28 ga Disamba, 2024

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk 'yan uwa na nan Jidda. Mu nan sai godiyar Allah, sanyi ne dai ya kankama, hazo ya rufe gari.

Saƙonka ya iso, kuma tun da na karanta shi maganar da ka yi a ƙarshe take cina a rai. Ka ce Gabriel Bortoleto sa'a ce kawai ta ba shi kambun Formula 2 na bana, wai da motar Isack Hadjar ba ta mutu a Abu Dabi ba da labarin ya sha bamban. Wallahi ni ma na tausaya wa Hadjar, amma ban yarda da kai ba, kuma ka yi haƙuri ka saurare ni, don kai tseren ƙarshen kaɗai ka kalla, ni kuwa tun daga tseren farko na Bahrain nake biye da su.

Ka fara tuna yadda gasar take, ita ce matakin tseren motoci da ke ƙasa da Formula 1. Motoci 22 ne, na ƙungiyoyi 11, kuma duk ƙirar kamfani ɗaya ce, wato Dallara, da injin Mecachrome iri ɗaya da tayoyin Pirelli. Bana ma sabuwar mota aka kawo, kowa sai da ya koma koyo, har manyan ƙungiyoyi irin Prema sun sha wuya kafin su gane kanta. Ba kamar Formula 1 ba ne, inda mai kuɗi yake ƙera motar da ta fi ta kowa. A nan abin da ya rage shi ne hannun direba da basirar makanikansa wajen saita mota. Wurare 14 aka je, kowane wuri tsere biyu: gajere wanda na ɗaya ke samun maki 10, da dogo mai maki 25 wanda dole a tsaya a canza taya. A gajeren kuma juya goman farko ake yi, wanda ya fi kowa sauri a gwajin neman gurbi sai ya tashi a na goma. Tsere 28 ke nan. Wanda ya fito kan gaba bayan wannan doguwar tafiya, ai da wuya a ce ranar Lahadi ɗaya ce ta yi masa.

Ba na musun cewa Hadjar ya fi kowa zafi idan motarsa ta zauna. Dogayen tsere huɗu ya ci wa ƙungiyar Campos: Melbourne, Imola, Silverstone da Spa. Bortoleto biyu kacal ya ci, na Ostiriya da na Monza. Kuma an yi wa Hadjar rashin sa'a a Monako, inda nasara ta kuɓuce masa saboda umarnin rage gudu da aka bayar daidai lokacin da Zak O'Sullivan ya shiga canza taya. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai Hadjar mutum ne na yau sama gobe ƙasa, mako guda ya ci, mako na gaba ya tashi ba ko maki ɗaya. Shi kuwa Bortoleto, ɗan Birazil ɗin, ranar da ba ta nasara ba ce sai ya lallaɓa ya kawo motar gida a na huɗu ko na biyar, ya zuba makinsa a aljihu. Da yayyafi kogi kan cika.

Monza ce ta sa na sallama masa. A gwajin neman gurbi motarsa ta juya da shi ta faɗa cikin tsakuwa, aka ce daga can ƙarshe zai tashi, na 22, a duka tseren biyu. A gajeren ya yi ta ratsa su har ya iso na takwas, kuma suka tsallaka layin ƙarshe shi da Dennis Hauger kafaɗa da kafaɗa, na'urar auna lokaci ta kasa raba su. Maki ɗaya ne na wanda ya zo na takwas, sai aka raba musu rabi da rabi. Ka riƙe wannan rabin makin, za mu dawo kansa. Washegari a dogon tsere ya tashi daga ƙarshe ya zo na ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a Formula 2. Na san abin da za ka ce, cewa motar da ke fitowa ta ja ragamar tsere idan an yi hatsari ta fito masa a kan gaɓa, ya canza taya ba tare da asarar lokaci mai yawa ba. Haka ne. Amma kafin ta fito ai ya riga ya wuce mutane da dama da hannunsa, kuma bayan ta koma sai da ya ƙara wuce wasu, sannan ya ba su tazara. Sa'a ta zo ta same shi a inda zai iya amfani da ita. A wannan makon Hadjar bai samu komai ba.

Kuma kar ka manta, shi ma Bortoleto an ƙwace masa nasara. A Katar shi ya fara tsallaka layi a dogon tsere, aka ƙara masa daƙiƙa biyar saboda laifin da ya yi a mashigar wurin canza taya, ya koma na uku. Paul Aron ya ci, Hadjar ya zo na biyu. Da haka aka tafi Abu Dabi, Bortoleto na da maki 188.5, Hadjar na da 188. Rabin makin nan na Monza ne kaɗai tsakaninsu.

To a nan ne lissafinka ya tsallake wani abu. Ranar Asabar, kafin abin da ka gani, an yi gajeren tsere, Bortoleto ya zo na biyu, Hadjar na biyar. Tazarar ta koma huɗu da rabi. Ke nan ranar Lahadi, 8 ga Disamba, Hadjar ne mai bi, kuma a bayan Bortoleto zai tashi. Fitilu suka mutu, motoci suka zabura, ta Hadjar ta tsaya cik, na baya suna kauce mata dama da hagu. Na ajiye kofin shayin da ke hannuna ban sani ba. Yaro ɗan shekara 20, duk wahalar shekara ta tsaya masa a wuri ɗaya, yana zaune cikin mota ba abin da zai iya. Kafin a tayar masa da ita ya dawo hanya an riga an zagaye shi. Amma ko da ta tashi lafiya, sai ya wuce Bortoleto kuma ya ba shi tazarar maki biyar, alhali Bortoleto na biyu ya zo a ranar, bayan Joshua Dürksen ɗan Faragwai. Sai dai in Hadjar ne ya ci tseren gaba ɗaya. Zai iya, ban ce ba zai iya ba, amma ba abu ne da yake hannunsa aka fizge ba. An tashi 214.5 da 192, Aron na uku da 168.

Sannan ka duba bara, Bortoleto ne ya ci Formula 3, matakin da ke ƙasa da Formula 2, a shekararsa ta farko, bana ya ci Formula 2 a shekararsa ta farko. Waɗanda suka jera biyun haka a baya su ne irin su Charles Leclerc da George Russell (su a GP3, gasar da ta gabaci Formula 3 ta yanzu) da Oscar Piastri, ka kuwa san inda suke yanzu.

Abin da ya fi damuna a gasar nan ma ba wannan ba ne. Ka tuna watan Maris a garinku, lokacin da ciwon afendis ya kwantar da Carlos Sainz, direban Ferrari a Formula 1? Oliver Bearman ya riga ya samu gurbin farko a Formula 2, Ferrari ta kira shi ranar Juma'a, ya bar nasa tseren ya shiga tasu, ya zo na bakwai yana ɗan shekara 18. Wannan rana ɗaya ta yi masa abin da kaka guda ba ta yi ba, don na 12 ya ƙare a teburin Formula 2, amma tun watan Yuli ƙungiyar Haas ta Formula 1 ta ɗauke shi. Kimi Antonelli na shida ya zo, ga shi zai gaji kujerar Lewis Hamilton a Mercedes. Franco Colapinto ko ƙarasa kakar bai yi ba Williams ta ja shi. Ban ce ba su cancanta ba, yaran sun iya tuƙi. Amma Felipe Drugovich da ya ci gasar a 2022, da Théo Pourchaire da ya ci a 2023, har yau ba wanda ya samu kujerar tsere a Formula 1, kuma doka ta hana zakara komawa Formula 2. Ka ci gasa, a rufe maka ƙofar baya, ta gaba kuma ba a buɗe ba. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai. Shi ya sa na yi murna da Sauber ta sanar da ɗaukar Bortoleto tun a Nuwamba, kuma makon jiya aka tabbatar wa Hadjar kujera a ƙaramar ƙungiyar Red Bull. Baɗi in Allah ya kai mu za mu gan su tare a babban fage, sai mu ci gaba da musun a can.

In an zo tseren Jidda na baɗi, don Allah ka daure ka shiga tun da wuri ka kalli na yaran, kar ka jira na Formula 1 na dare kawai. Ka samu wuri kusa da kwanar farko, ka ba ni labarin yadda suke shigarta.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka sa ta a addu'a in ka je Harami. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka