A Fassara Mana Dickens, A Riƙa Bugawa Mako-Mako

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini.

Ni tsohon malamin Ingilishi ne, na yi ritaya, amma har yau akwai kwali biyu na littattafan Turawan Ingila a ɗakina, wasu gara ta ci gefensu. Kwanakin baya jikata ta tarar da ni ina karanta Oliver Twist, ta ce, "Kaka, me kake nema a labarin mutanen da suka daɗe da mutuwa?" Amsar da na ba ta ce ta sa na ɗauki biro.

Mun taso muna jin labarin Razdan da Di'o daga bakin iyayenmu: Bature ba ya makara, ba ya ɗaga murya, ba a gane cikinsa. Mun ɗauka a garinsu babu mai kwana da yunwa. Charles Dickens, marubucin Oliver Twist, shi ne ya buɗe mini ido. A 1824, yana ɗan shekara 12, aka ɗaure mahaifinsa a kurkukun Marshalsea da ke Landan saboda bashi, shi kuma yana aiki a masana'antar man goge takalmi, yana manna takarda a jikin kwalabe. Wannan ciwo bai bar shi ba har ya mutu a 1870. Da majalisarsu ta yi dokar matalauta ta 1834, aka riƙa tara marasa ƙarfi a gidajen aikin wahala, a raba miji da mata, a raba uwa da ɗanta, don kada kowa ya yi sha'awar neman taimako. A irin wannan gida ne maraya Oliver ya miƙa kwanonsa ya nemi ƙarin kunu, manyan gidan suka ɗauka ya yi babban laifi. Duk wanda ya taɓa ganin yaro riƙe da roba a tasha da sanyin safiya ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan shafi. Ni kam ban taɓa karanta shi idona a bushe ba.

Ga kuma Jane Austen. A littafinta Pride and Prejudice na 1813, mutum yana da 'ya'ya mata biyar, amma in ya mutu gidan da gonakin duk wani ɗan'uwansa namiji ne zai gaje su. Shi ya sa uwar ba ta da zance sai aurar da su. Ɗalibaina mata sun sha mamakin wannan, domin sun san Alkur'ani ya yanka wa 'ya mace kasonta. Sai a dokokin 1870 da 1882 ne matar aure a Ingila ta samu ikon riƙe dukiyarta. Kuma abin da ake kira sanyin halin Bature, a littafin nan na gane kawaici ne irin wanda muka sani: a so mutum a haɗiye, a ji haushi a mayar da habaici cikin ladabi.

To, ga roƙona, ranka ya daɗe. Dickens kansa kashi-kashi ya fitar da labaransa. Oliver Twist wata-wata ya fito a mujalla daga 1837 zuwa 1839, Great Expectations kuwa mako-mako daga 1860 zuwa 1861, mutane na ɗokin fitowa ta gaba. Haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa. Bala Abdullahi Funtuwa ya ba mu Gandun Dabbobi, Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Daren Sha Biyu, duka fassarar littattafan Ingilishi ne, saboda haka hanya ba sabuwa ba ce. Ku ware rabin shafi duk mako, ku samo gwanin fassara daga sassan Hausa na jami'o'inmu, a fara da Oliver. Jikata ta yi alkawarin za ta karanta in ya fito da Hausa, ni kuma zan riƙa sayen kwafi biyu.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Zariya