Hasumiyar Fitila ta Boston: Aikin 'Yan Aji Biyar na Wannan Zango

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Muna fata kuna lafiya.

Wasunku sun riga sun yi mana ƙorafi, cikin raha, cewa tocilan gida ba ta hutawa kwanan nan: yaro ya kunna, ya kashe, yana ƙirge da baki. Laifinmu ne, ga kuma dalili.

'Yan aji biyar sun shafe wannan zango suna bin tarihin wata 'yar hasumiyar fitila da ke kan tsibirin Little Brewster, a bakin shiga tashar jiragen ruwa ta Boston a Amurka. An fara kunna ta ranar 14 ga Satumba, 1716, kuma ita ce ta farko da aka gina a ƙasar da ta zama Amurka daga baya. Jiragen da take haska wa hanya su suka ɗauki nauyinta, domin ana karɓar peni ɗaya, wato kwabon Ingila, a kan kowane tan na jirgi.

Da muka zo kan masu tsaron fitilar, ajin ya yi tsit. Na farkonsu, George Worthylake, kwale-kwale ya kife da shi a 1718 yana komawa tsibirin, ya rasu tare da matarsa da 'yarsa. Shekara ɗaya bayan haka aka kai igwa wurin, saboda idan hazo ya sauko haske ba ya zuwa ko'ina, sai dai a harba matuƙa su ji ƙara su san duwatsu na kusa. Wata yarinya ta tambaya ko mai tsaron yana barci kuwa. Muka bar su suka lissafa da kansu: zuba mai, gyara lagwani, goge gilashi, hawa da sauka, kowane dare, ko da lafiya ko babu.

A 1776, lokacin yaƙin neman 'yanci, sojojin Birtaniya suka tarwatsa ta da albarushi a kan hanyarsu ta ficewa. An sake gina ta a 1783. A 1859 aka ƙara mata tsayi zuwa kusan mita 27, aka kuma sa mata gilashin Fresnel, wanda ke tattara hasken da zai watse ya harba shi waje guda.

To, maganar tocila. Kowace hasumiya da irin ƙiftawarta, ta haka matuƙi ke gane wadda yake gani cikin duhu. Ta Boston tana walƙawa fari sau ɗaya duk daƙiƙa 10. Wannan ƙirgen kuke ji a ɗaka. A ganinmu nan ne darasin ya fi shiga, don mun ga yaran da lissafi ke ba wuya sun zauna suna fitar da yawan walƙiya a awa ɗaya, ba tare da an matsa musu ba. Amsar 360 ce, idan an tambaye ku.

Tun 1998 fitilar ke aiki da kanta, amma an ci gaba da ajiye mai tsaro har ƙarshen 2023, lokacin da Sally Snowman ta yi ritaya. Ita ce mace ta farko a wannan aiki a can, ita ce kuma ta ƙarshe.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe na zango yaran za su baje hasumiyoyin da suka ƙera, kuma muna gayyatarku. Kafin nan, a taimaka musu da tsohon kwali da robar ruwa da aka gama da ita. Don Allah kada a ba su kyandir ko ashana, tocila ta wadatar. Kuma iyaye maza, mun san hannu na ƙaiƙayi, amma a bar yaro ya manna abinsa ko da zai karkace.

Mun gode, Allah Ya raya mana su.

Malamar aji biyar