Wasiƙa kan sabulun da ke riƙe furotin

Damagaram, watan Afirilu

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin can? Mu nan bazara ta kankama.

Ka ce furotin ɗinka yana fita daga tantanin ƙwayar halitta lafiya lau, amma kafin kwana 2 ya cure ya lalace, har kana shirin ƙera sabon sabulu, wato sinadarin da ke narka tantani ya ciro furotin. Ina bayanka. Sai dai ka raba aikin gida biyu: ciro furotin daban, riƙe shi da rai daban. Sau da yawa sabulun da ya fi ƙarfin cirowa shi ne ke kashe shi.

Dubi sabulun OG (octyl glucoside). Kamar sauran irinsa, yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Wutsiyarsa kabon 8 ce, kuma sai yawansa ya kai wajen milimola 20 a lita yake haɗa dunƙule, wato ƙwayoyinsa su taru wuri guda. Ƙwayoyinsa ba su zama, shiga suke suna fita, suna kwashe maiƙon da furotin ke jingina da shi. Sabulun DDM (dodecyl maltoside) mai kabon 12 ya fi shi sauƙin hali, a milimola 0.17 yake dunƙulewa.

Wanda nake so ka zauna ka yi nazarinsa shi ne sabulun LMNG (lauryl maltose neopentyl glycol), da masana Chae da Gellman suka fitar daga Jami'ar Wisconsin a 2010. Kai biyu na sukarin maltos, wutsiya biyu, duka a ɗaure kan kabon guda. Wannan ɗaurin ne sirrin: in ya rungumi furotin ba ya saurin saki, kuma wajen milimola 0.01 ta ishe shi ya dunƙule. Da shi masani Kobilka da abokan aikinsa suka riƙe furotin mai karɓar adirenalin haɗe da furotin G, mai isar da saƙonsa cikin ƙwayar halitta, a 2011. Aibin LMNG kuwa daga wannan riƙon ya fito, in ya kama, raba shi da furotin aiki ne ja. To, in za ka ƙera naka, ka sa wannan a ma'auni tun kan takarda.

Kafin nan, gwada wannan. Narka tantanin da DDM kashi 1 cikin 100, ka haɗa da CHS, sinadarin da aka samo daga kolestarol, awo 1 ga awo 10 na DDM, don ya tsaya a madadin kolestarol. Awa 1 zuwa 2 a digiri 4, ana juyawa a hankali, kar ya yi kumfa. Sai injin wulwulawa a 100,000 g na awa 1. Lokacin da furotin ke manne a kan resin, ƙwayoyin da ke kama shi wajen tsarkakewa, ka wanke shi da LMNG kashi 0.01 cikin 100 har ya maye gurbin DDM.

Ka kula da matatar da kake kaurara samfur da ita. Mai kilodalton 30 (ma'aunin girman abin da take tarewa) tana tare dunƙulen DDM da babu furotin a ciki, sabulu ya taru ya ninka ba ka sani ba, ya tuɓe wa furotin maiƙonsa. Ina zargin nan matsalarka take. Ɗauki mai 100, in girman furotin ya yarda.

Turo mini hoton sakamakon tacewar, na ranar farko da na rana ta 3, mu duba tare. Gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka na Birni