Iyayen Maryland ba masu tsattsauran ra'ayi ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka.

Na karanta rahotonku kan hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ranar 27 ga Yuni, 2025, a ƙarar da wasu iyaye suka kai hukumar ilimi ta gundumar Montgomery da ke jihar Maryland kan wasu littattafai da ake karanta wa 'ya'yansu a aji. Labarin kun kawo shi daidai, amma suna ɗaya ya tsaya mini a rai: kun kira iyayen nan masu tsattsauran ra'ayi. Shekara 31 na yi da alli a hannuna a firamare, 11 daga ciki ina hedimasta, kuma na san irin waɗannan iyaye domin sun sha zama a kan bencin ofishina.

'Yan jarida kuna da sunayen da kuka saba ba mutanen da ke riƙe da tarbiyyar da suka gada, wato masu ra'ayin riƙau ko 'yan mazan jiya. Ko waɗannan ɗin ba su cika yi mini daɗi ba, amma da sauƙi. Tsattsauran ra'ayi kuwa, a kunnen Bahaushen da ya ga abin da ya faru a Borno da Yobe, mai ɗauke da bindiga yake nufi. Mutumin da ya ɗauki lauya, ya yi shekara biyu yana zarya a kotu, aka kayar da shi sau biyu bai jefi kowa da ko tsakuwa ba, bai kamata a haɗa shi da waɗancan a suna ɗaya ba.

A 2022 hukumar ta sa wasu littattafan labarai a darasin karatun Turanci, tun daga ajin share fage har aji biyar. A ciki akwai labarin bikin auren jinsi ɗaya, akwai na yaron da ke cewa jinsinsa ba wanda aka haife shi da shi ba ne. Da fari ana sanar da iyaye ranar da za a karanta su, wanda bai amince ba a fitar masa da ɗansa daga ajin. A watan Maris na 2023 hukumar ta janye wannan dama gaba ɗaya: ba sanarwa, ba fita. Alhali a jihar, darasin zaman iyali da sanin jiki da ake yi wa ɗalibai, uba yana da ikon cire ɗansa daga ciki. Ke nan uban ɗan sakandare ana jin ta bakinsa, uban ɗan shekara biyar kuwa an ce ya yi shiru. Duk wanda ya taɓa riƙe aji ɗaya ya san yaro a wannan shekarun, abin da malama ta faɗa shi ne gaskiya, ko uwarsa ce ta musa sai ya ce ai Anti ce ta faɗa.

Waɗanda suka kai ƙarar Musulmi ne da Katolika da Kiristocin Orthodox, kuma a tarukan da aka riƙa yi a ƙofar ofishin hukumar a Rockville, mata masu hijabi da Habashawa Kiristoci kafaɗa da kafaɗa suka tsaya. Ba su ce a cire littafi ko ɗaya daga makaranta ba, ba su ce a hana ɗan wani ji ba. Abin da suka roƙa shi ne a sanar da su, a bar nasu su fita. Alƙalai shida suka ba su gaskiya, uku suka ƙi. Mai shari'a Samuel Alito, wanda ya rubuta hukuncin, ya jingina shi da wata tsohuwar shari'a ta 1972, inda kotun ta yarda mabiya ɗariƙar Amish a jihar Wisconsin su cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji takwas saboda addininsu. Tun a 1925 ma kotun ta faɗa, a wata ƙara daga jihar Oregon, cewa yaro ba mallakin gwamnati ba ne.

Ban raina hujjar ɗaya ɓangaren ba. Mai shari'a Sonia Sotomayor, wadda ta rubuta ra'ayin alƙalai ukun, ta ce hukuncin zai jefa makarantun gwamnati cikin ruɗani, kowane uba ya zo da abin da ba ya so, ƙarshe malamai su ajiye littattafan don gudun rigima. Hukumar ma ta ce masu fita sun yi yawa har an kasa kula da su. Na san wannan wahala da idona. Idan ka fitar da yara daga aji, dole ka sama musu wurin zama da mai lura da su, ga shi malaman ba su ishe ka ba. Sai dai idan masu fita sun yi yawan da makaranta ta kasa ɗauka, wannan kansa saƙo ne daga iyaye, kuma amsarsa a zauna da su ne. Hukumar kuwa sai ta kulle ƙofa.

Wata safiya, a makarantar da na riƙe, wani ɗan sanda Kirista da aka yi wa canjin aiki zuwa garinmu ya shigo ofishina, hularsa a hammata, yana riƙe da hannun 'yarsa 'yar aji uku. Ya gaishe ni a ladabce, ya ce, "Malam, alfarma na zo nema. Idan lokacin darasin addinin Musulunci ya yi, a bar mini ita ta fito." Na ce masa, "Ofisa, ai wannan haƙƙinka ne, ba sai ka roƙa ba." Ba mu da malamin addinin Kirista a lokacin, sai na sa mata ɗan benci kusa da kabad ɗin rajista. Sau biyu a mako take zuwa da littafin lissafinta, tana ƙirge da murafan kwalba a kan cinya har a buga ƙararrawa. Wani malaminmu ya same ni ya ce me zai same ta don ta ji karatun. Na ce masa, "Malam, da kai aka tura Enugu da 'yarka, aka zaunar da ita a ajin da ba ka yarda da shi ba, me za ka ce wa hedimastan?" Bai ƙara tayar da maganar ba.

Dokarmu ma haka ta ce. Sashe na 38, ƙaramin sashe na 2, na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko wata ibada da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Mun yi murna a watan Yunin 2022 da Kotun Ƙolin Najeriya, alƙalai biyar a kan biyu, ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi ikon sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Wanda ya yi waccan murnar, ya kuma ji daɗin hukuncin Maryland, ba shi da bakin da zai hana 'yar ɗan sandan nan bencinta. Haka nan babu uban da wannan haƙƙi ya ba izinin koya wa ɗansa zagi ko tsangwamar ɗan wani a filin makaranta. A nawa ofishin, mai tsokana hukunci ɗaya yake sha, ko ɗan waye ya tsokana.

Ina kuma jan hankalin 'yan'uwa da na ga suna ta yabon 'yan riƙau na Amurka a Facebook kamar an samu iyayen gida. Kotun Ƙolin Amurkan nan ce dai a watan Yunin 2018, da ƙuri'a biyar a kan huɗu, ta amince da dokar Donald Trump ta hana shiga ƙasar, wadda akasarin ƙasashen da ta shafa na Musulmi ne. Alito yana cikin waɗanda suka amince, Sotomayor kuwa ita ce ta rubuta kakkausar suka a kanta. A sabon jerin ƙasashen da Trump ya hana wa shiga a watan Yunin 2025 akwai Chadi da Sudan, inda da yawa daga cikinmu ke da dangi. A maganar tarbiyyar yara ina tare da 'yan riƙau ɗari bisa ɗari, a maganar rufe wa baƙo ƙofa saboda ƙasarsa ba na tare da su, kuma ban ga abin da zai sa in sayi jam'iyyar wata ƙasa da kwandonta ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ku gyara wancan suna idan kun sake taɓo labarin. Sannan ku fassara Sashe na 38 da Hausa, ku buga shi a shafin ilimi kafin a koma sabon zango, domin iyaye da yawa a nan, Musulmi da Kirista, ba su san yana nan ba.

Wassalam.

Naka,
Tsohon hedimasta, daga Zariya