Kafin a yanke tukunyar iska ta tsohuwar mota

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu ja hankalin masu riƙe da tsofaffin motoci, da 'yan'uwanmu kanikawa, kan wani aiki da ake yawan nema idan hunturu ya ƙarato: cire matatar iska mai aiki da baƙin mai, wadda a gareji ake ce wa iya kilina mai mai, a mayar da ita ta takarda. Aikin rabin yini ne. Amma idan aka kuskure abu ɗaya a cikinsa, wato rufe kafar iska, ya zama gyaran gangar Auzinawa, domin takardar da ke yoyo ta gefe ta fi tsohuwar tukunyar mai illa nesa ba kusa ba.

Motocin da muke nufi sanannu ne: Land Rover Series II da IIA da III, wadda aka daina ƙerawa a 1985, Volkswagen Beetle da aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, da yawa daga cikin Peugeot 404 da 504 da aka yi domin ƙasashe masu ƙura, tsohuwar Land Cruiser, da taraktoci irin su Massey Ferguson 135. Tsarin duk ɗaya ne. Iska tana gangarowa da gudu, ta tarar da kwanon mai a ƙasa, dole ta yi kwana ta koma sama. Ƙurar da ke da nauyi ba ta iya shan kwanar, sai ta faɗa cikin man. Iskar ta ɗebi feshin mai ta haura cikin ragar waya mai kama da soson ƙarfe, sauran ƙurar ta maƙale a jikin wayar, man ya tsiyayo ya wanko ta zuwa gindin kwano. Kwanon Land Rover yana cin lita 0.85, na Beetle kuwa tsakanin kwata da rabin lita, gwargwadon injin.

Raunin wannan tsari shi ne ya dogara da gudun iska. Idan mota tana kan hanya inji na ja sosai, yana aiki da kyau. Idan tana silo, wato inji na aiki mota na tsaye, ko tana rarrafe a cunkoso, iskar ba ta da ƙarfin da za ta wurgar da ƙura cikin mai, ba ta kuma ɗaga man zuwa raga yadda ya kamata. Ga shi ƙurar hunturu, wadda yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kafin ta iso Kano ko Maraɗi ta zama laushi kamar garin fulawa, irin wadda ke bin iska duk inda ta lanƙwasa. Takarda mai kyau ba ruwanta da gudun iska: tana tare fiye da kashi 99 cikin 100 ko a silo ko a guje, kuma tana ƙara tacewa idan ƙura ta ɗan kwanta a kanta.

A duba yawan iskar da ake magana. Kowace lita ta fetur tana buƙatar iska kimanin lita 9,000 kafin ta ƙone. Inji mai bugu huɗu yana zuƙar rabin girmansa a kowane juyi, don haka injin Land Rover mai cc 2,286 a juyi 4,000 a minti yana neman lita 4,572 a lissafi, a zahiri wajen 3,600. Ɗan abin da ya kuɓuce wa matata daga cikin wannan, yashi ne, kuma idan ya haɗu da man da ke jikin silinda ya zama sanfefa. Shi ke cinye ringi, inji ya fara shan mai yana hayaƙi tun lokacin sauke shi bai yi ba.

Duk da haka ba kowa muke ba shawarar ya canza ba. Motar da ke aikin daji, nesa da kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, inda ba a samun filta ta gaske sai an yi aike, gara a bar mata tukunyarta. Kananzir da baƙin mai akwai su a kowace kasuwar ƙauye, kuma tukunyar mai tana iya haɗiye ƙura mai yawa ba ta toshe ba, ba ta kuma damu da yayyafi ba. Canjin ya fi dacewa da motar cikin gari, da wadda mai ita ya san ba zai riƙa buɗe kwano duk mako yana kwashe laka ba. Tukunyar da man cikinta ya ƙafe ko ya koma taɓo ba ta tace komai.

Wanda ya yanke shawarar yi, kada ya fara da yanka. Ya fara da bin hanyar iska. Tukwanen iri biyu ne. A wasu, iska tana shiga ta gefen murfi, ta sauka ta jikin bango, ta hau raga, sannan ta bi bututun tsakiya zuwa kafireta, inda ake cakuɗa fetur da iska. Wannan shi ne mai sauƙin juyawa, domin filtar takarda an yi ta ne iska ta shiga daga waje ta fita ta ciki. A wasu kuma, musamman na taraktoci, iska mai datti ce ke saukowa ta bututun tsakiya, mai tsabta ta fita ta gefe. Idan aka cusa takarda a irin wannan, ƙura za ta taru a cikin filtar inda fili ya yi kaɗan, kuma iskar tana tura takardar waje, ɓangaren da ba lallai a yi masa kariyar da za ta riƙe ba. Irin wannan kada a wahalar da kai, a cire ta gaba ɗaya a ajiye, a ɗaura cikakkiyar tukunyar takarda ta wata mota, wadda ke juya iska ta wurgar da ƙura mai nauyi tun kafin ta kai ga takarda, mai ɗan bakin roba a ƙasa da ke tofar da ita.

Idan irin ta farko ce, a zubar da mai, a wanke da kananzir, a auna faɗin ciki, da tsawo daga gindi zuwa murfi, da faɗin bututun tsakiya. Da waɗannan awo uku ake shiga kasuwa, kuma a sayo filtar kafin a taɓa ƙarfe. Ana son ramin filtar ya fi bututun faɗi, sannan a sami tazarar milimita 10 zuwa 15 tsakanin takarda da bangon tukunya ko ta ina. Idan ta matse da bango, iska ta gefe ɗaya kawai za ta riƙa shiga, wajen ya toshe cikin 'yan makonni alhali sauran takardar fes take. A zaɓi filtar motar da injinta ya kai na taka ko ya fi shi, kuma motar da ke da yawa a kan titi, don kada baɗi a neme ta a rasa.

Wajen saye ne ake cutuwa. Filta biyu za su zo da tsawo ɗaya da faɗi ɗaya, amma takardar da ke cikin ɗaya rabin ta ɗayar ce. Lissafin ba wuya: a ƙirga ninki, a ninka da biyu, a ninka da zurfin ninki, a ninka da tsawo. Mai ninki 80, zurfi santimita 2.5, tsawo santimita 15, tana da takarda murabba'in santimita 6,000. Jabun da ke da ninki 45 a wannan girma 3,375 kawai ke gare ta. A danna robar bakinta da babban yatsa: ta gaske tana lotsawa ta dawo, jabu tauri gare ta kamar leda da ta sha rana. A duba inda aka haɗe bakin takardar da gam, a leƙa ciki a tabbatar akwai ragar ƙarfe. Ragar nan ce ke riƙe takarda kada inji ya zuƙe ta, tana kuma rage haɗarin kama wuta idan inji ya yi atishawa ta kafireta.

Sai cire tsohuwar raga. Yawanci wani faranti mai huji-huji ne ke riƙe da ita da ɗigon walda. A huda ɗigon da dirili ɗaya bayan ɗaya maimakon a sa giranda, wadda ke cin bangon tukunya ta bar shi kamar takarda. A zaro ragar, sannan a bi lungu-lungu da fulaya da maganaɗisu. Guntun waya guda da ya saura, ko ɓurɓushin huda, yanzu yana ɓangaren iska mai tsabta, kuma babu abin da ke tsakaninsa da bawul. A wanke sau biyu, a bushe, a goga farin ƙyalle a ciki har ya fito ba tabo.

Gindin kwano a lanƙwashe yake, filta kuwa tana son shimfiɗaɗɗen wuri. A yanko faranti mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, a fitar masa da rami daidai bututun tsakiya, a yi masa walda zagaye ba tare da tsallake ba. Mai walda ya riƙa ɗigawa nan da can yana barin ƙarfen ya huce, in ba haka ba farantin zai murɗe, kuma murɗaɗɗen faranti ba ya rufuwa. Haka za a yi a murfi. A daidaita tsawo yadda idan an ɗaure, robar filtar za ta matsu da milimita 2 zuwa 3. Idan ya gaza haka akwai yoyo, idan ya wuce ninkin takarda zai karye. In maƙallan gefe sun saki, a sa dogon bol mai milimita 6 ko 8 a tsakiya da noti mai kunne, da washa ta roba a ƙarƙashinsa, domin ramin bol ɗin ma kafa ce. Kada a cike giɓi da silikon, tururin fetur yana kumbura shi ya ɓantare ya faɗa kafireta. Soso na katifa ma ba ya yi. Idan ana buƙatar ciko, a yanko zobe daga roba mai jure mai.

Gwajin da bai kamata a tsallake ba shi ne na giris. A shafa shi siriri a bakin filtar sama da ƙasa, a rufe, a ɗaure, a sake buɗewa. Ya kamata a ga zobe cikakke a jikin faranti biyun. Duk inda zoben ya yanke, ko da faɗin farce ne, nan ƙura za ta bi, domin iska hanya mai sauƙi take nema. Bayan mako biyu ana hawa a sake buɗewa a shafa yatsa a maƙogwaron kafireta da cikin tiyo. Idan yatsa ya fito da gari, aiki bai yi ba. Sau da yawa ma laifin ba na tukunyar ba ne, tsohon tiyon da ke tsakaninta da kafireta ne ya tsage a cikin lanƙwasa, inda ido ba ya gani sai an tanƙwara shi.

A huda ƙaramin rami na milimita 4 ko 5 a wuri mafi ƙasa na ɓangaren iska mai datti, saboda ruwan damina da na masu wankin mota. Takardar da ta jiƙe tana kumbura ta toshe, in ta bushe kuma ba ta komawa yadda take.

Abin da aka fi mantawa shi ne tiyon numfashin inji. A Beetle da wasunta, tururin mai daga cikin inji yana zuwa ne cikin tukunyar iska. A da ba matsala, mai ya tarar da mai. Yanzu kuwa idan ya fesa a kan takarda, ƙura ta haɗu da shi ta zama kwaɓaɓɓen taɓo, filtar wata shida ta mutu a wata guda. A mayar da bakin tiyon ɓangaren iska mai tsabta, kuma idan injin ya tsufa yana huci da yawa, a sa ɗan gwangwani a tsakani ya riƙa tare man. Toshe shi kuskure ne babba: iskar za ta nemi hanya ta sil da gaskit, inji ya fara zubar da mai ta ko'ina.

Masu Beetle su yi hattara da ƙananan filtocin nan masu ƙyalli da ake ɗorawa kai tsaye a kan kafireta. Kafiretar Beetle, ƙirar Solex, tana feso hazon fetur sama da bakinta a wasu matakan gudu, kuma tsohuwar tukunya tana da wuyan da ke tare hazon ya koma ciki. Gajeriyar filta jiƙewa take yi da fetur, motar ta riƙa shaƙewa idan an taka totur, ga warin mai a ɗakin inji mai zafi.

Bayan an gama, a ɗumama inji a sake saita sukurun silo da na cakuɗa mai da iska, domin jan iskar ya canza. A yi tafiyar kilomita 30 ko 40 a kan buɗaɗɗiyar hanya, a kwance fulogi. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne daidai. Fari fat yana nufin mai ya yi kaɗan, abin da ke ƙona bawul, musamman a injin Beetle da iska ke sanyaya shi. Baƙin toka kuma mai ya yi yawa, ko filtar ta yi wa injin kaɗan tana aiki kamar an ja cok, abin da ke rage wa inji iska.

Masu injin dizal da suka zaɓi zama da tukunyar mai, kada su wuce layin da aka zana a kwano, kada kuma su wanke raga da fetur su mayar da ita a jiƙe. Injin dizal yana iya zuƙar man ko tururin ya mai da shi makamashi, ya yi ta ƙara gudu ko an kashe makulli.

Sai ɗabi'ar kai filta wurin mai faci a hure ta da iskar taya. Ƙarfin iskar yana yaga zaren takarda, ya bar ƙananan huji da ba a gani. In ya zama dole, a hura daga ciki zuwa waje, daga ɗan nesa, da ƙarfin da bai wuce "bar" 2 a ma'aunin iska ba, sannan a shiga wuri mai duhu a sa tocila a cikin filtar a juya ta a hankali. Ɗigon haske ko ɗaya ne, a jefar. A lokacin hunturu a riƙa duba ta duk mako biyu, a goge cikin tukunya da ɗanyen ƙyalle kafin a mayar, tare da toshe bakin bututu da tsumma mai tsabta yayin gugar. A rubuta lambar filtar da fenti a cikin murfi don bakaniken da zai zo daga baya, a kuma ajiye guda a but ɗin mota a cikin ledarta.

Ga wanda motarsa ke da darajar tarihi, ya nemo tukunya ta biyu a wurin masu kayan gwangwan ya yi aikin a kanta. Ta asalin a wanke ta, a shafa mata mai, a ɗaure a buhu a ajiye, domin masu sayen irin waɗannan motoci suna tambayarta.

Wassalam.

Wasu kanikawan tsofaffin motoci,
Kaduna.