Godiya ga masu gyaran kwamfuta na kan titin Ahmadu Bello, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Injiniya, da kai da yaranka na shago, na ce bari in rubuto wannan a fili kowa ya gani tunda ranar da na zo biyan kuɗi kun ƙi ma tsayawa ku ji godiyar, kowa kansa na kan aiki.

Ni sana'ata buga takardu ce, ina da ɗan shago a Badariya, yawancin kwastomomina ɗaliban Foliteknik ta Waziri Umaru ne masu furojet, sai masu katin ɗaurin aure da na suna. Laftof ɗina HP ce tokumbo, ta tsufa gaskiya, in na buɗe CorelDraw sai in tashi in sha ruwa in dawo ba ta gama buɗewa ba. Firosesar da ke cikinta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Pentium 2020M ce. To wani a gurup ɗinmu na WhatsApp ya ce min ai abu mai sauƙi ne, in sayi Core i5-3320M in sa kawai, soket ɗinsu ɗaya. Ban tambayi kowa ba na tura kuɗi, aka sako min ita a mota daga Kano cikin ɗan kwali an naɗe da auduga, na ɗauko na nufo wurinku ina jin kamar na sayi sabuwar kwamfuta.

Abin da ya fara burge ni, yaron ya riga ya ɗauki sukundireba zai kwance, kai ka ce masa dakata tukuna, ba a buɗe na'ura sai an tambaye ta abin da za ta iya ɗauka. Ka kunna ta, ka sa filas, ka buɗe wata ƴar manhaja CPU-Z, ka juyo min da sikirin ɗin ka ɗora yatsa a kan wani layi ka ce Malam karanta nan. Na karanta HM70, sunan cifset ɗinta ke nan, wato abin da ke haɗa firosesa da sauran kayan cikin kwamfutar. Ka ce to nan gizo ke saƙa. Mai shawarar bai yi ƙarya ba a kan soket, dukkansu zubi na 3 ne na Intel, kuma i5 ɗin za ta zauna daram a ramin, har kwamfutar ta tashi kamar ba komai, amma cifset HM70 Celeron da Pentium kawai aka yi shi ya ɗauka, in aka sa masa i3 ko i5 ko i7 da an yi minti 30 na'urar za ta mutu da kanta, ka kunna ta sake yin minti 30 ta mutu. Wallahi da na ji haka sai da gumi ya karyo min, na tuna yadda zan kasance ina tsakiyar babi na huɗu na furojet ɗin wani ban yi sebin ba.

Kuma fa da kun so, da kun sa min ita, ku gwada a gabana minti biyar ta yi gudu in yi ta murna in biya in tafi, sai na isa gida in ga ta kaina. Ba wanda zai kama ku da laifi tunda ni na kawo kayana da hannuna.

Da na ce to in nemo wata babba mana, irin i7 mai QM a ƙarshe, dariya kuka yi min duka shagon. Ka ce ko da cifset ɗin ya yarda, yawancin waɗannan wat 45 suke ci, tawa kuwa an gina fankarta da bututun sanyayarta ne don wat 35, a zafin Kabi na watan Afrilu ai sai dai in riƙa soya ƙwai a kanta. Sannan akwai BIOS, manhajar da ke fara tada kwamfuta, shi ma sai ya san firosesar kafin ya bari ta tashi. Ƙanena da ya raka ni ya zaro tasa, sabuwa fil mai i5-8250U, wai ko shi za a iya ƙara masa. Ka ce wagga kam ko magana babu, masu U a ƙarshe a like suke da dalma a jikin madabod, ba a zare su kamar na da.

Abin da kuka yi min a madadin haka shi ne kuka cire tsohon had dis kuka sa SSD, ma'ajiyar fayil da ta fi shi sauri, ram daga 4GB ya koma 8GB DDR3, kuka kwance fankar. Kai jama'a, ƙurar hunturu da ta fito daga ciki kamar tabarmar auduga, yaron ya ɗago ta da ɗan hantsaki yana nuna min. Man sanyaya da ke kan firosesar ya bushe ƙamas kamar tsohon siminti, kuka goge kuka shafa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero. Duk fayilolina kuka kwashe kuka mayar, ko kati ɗaya bai ɓata ba, har da na auren ɗiyar maƙwabcina da ban kai ga bugawa ba.

Yanzu kafin in gyara zama ta gama tashi. Ba ta zama jirgi ba, in na jibga hotuna da yawa tana ɗan ja da baya, kuma kun faɗa min gaskiya cewa Windows 11 daga zubi na 8 yake farawa, don haka in fara tara kuɗin wata a hankali. Na ji, na fara adashi.

Ita kuma i5 ɗin da na yi zaton kuɗina sun bi ruwa, bayan kwana huɗu ka kira ni ka ce an kawo wata Dell mai cifset HM76 kuma mai ita na nema, ka haɗa mu muka yi ciniki, ko sisin la'ada ka ƙi karɓa duk da na nace.

Allah ya ƙara kasuwa Injiniya, ya yi wa yaran albarka, ya sa su ma su buɗe nasu shagon. Ranar Asabar in sha Allahu zan shigo da ta uwargida, kibod ɗinta ya daina buga harafin a, kuma wannan karon ba zan sayo komai ba sai kun duba.

Naku,
mai buga takardu daga Badariya